MOTAR ARHA MAI CIWON INJI: DARASI DAGA BABIN CINIKI

 

'Yan uwa, darasinmu na yau a Babin Ciniki yake, amma daga wata tambaya da aka yi mini zan faro shi.

Makonni kaɗan da suka wuce, bayan mun tashi karatun La'asar, wani ɗalibina ya tsaya har kowa ya watse. Malamin firamare ne, da yamma kuma yana koyarwa a Islamiyya. Mata ɗaya, yara huɗu, ga mahaifiyarsa a hannunsa, duk wata sai an kai ta asibiti ganin likita. Abin hawansa babur ne. Duk wanda ya taɓa goya tsohuwa a bayan babur cikin damina ya san abin da ke ran wannan bawan Allah.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, mota na samu. Irinta a kasuwa yanzu ba ta kasa miliyan 4, amma an bar mini ita miliyan 2 da dubu 200. Sai dai injin yana ɗan hayaƙi, kuma tana ɗaukar zafi in an yi nisa. Dillalin ya ce gaskit ne kawai, aikin yini ɗaya. Ya halatta in saya?"

Na ce, "Kuɗin fa, daga ina?"

Ya ce adashi ya ɗauka, zai sayar da babur ɗin, uwargida kuma ta ce a haɗa da 'yan kunnenta na zinare. In an tattara duka, miliyan 2 da dubu 300 ne.

Halatta kam ya halatta, na faɗa masa tun a wurin. Shari'a ba ta hana sayen abu mai aibi ba. Ana sayen gurguwar akuya, ana sayen gida mai tsagaggen bango, ana sayen yadi mai tabo, matuƙar mai saye ya san aibin, ya yarda da shi, kuma don shi aka rage kuɗin. Amma duk maganar tana rataye ne a kan kalma ɗaya, wato "ya san". Shi ɗalibina me ya sani? Ya san abin da dillali ya faɗa masa. Dillalin kuwa la'adarsa ba ta fita sai an yi ciniki.

Bari mu fara da mai sayarwa, don nauyin farko a wuyansa yake. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mutum da ya tsiba abinci yana sayarwa, sai ya cusa hannunsa cikin tsibin, yatsunsa suka taɓo danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, kuma ya barranta daga mai algus. Ku lura, mutumin nan bai yi ƙarya da bakinsa ba. Jerin kayan kawai ya gyara, mai kyau a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa. Wannan kaɗai ya isa a kira shi algus. A hadisin Hakim bin Hizam kuma, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, an ɗaure albarkar ciniki da abu biyu: gaskiya da bayani. Ɓoyewa da ƙarya kuwa suna shafe albarkar.

Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a nan fiye da yadda 'yan kasuwa suke zato. A Mukhtasar na Shaihu Khalil an nuna cewa in mai sayarwa ya san aibi, dole ya faɗi cewa akwai shi, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kuma kada ya dunƙule maganar. To kun ga irin maganar da ake yi a bakin kasuwar motoci, "Alhaji, ƙarfe na sayar maka", ko "mota ce ta hannu, ka dai ganta", ba ta sauke wa mutum nauyi in ya san takamaiman ciwon. Haka wanda ya san bulok ya tsage amma ya ce "tana ɗan zafi". Ya faɗi gaskiya guntuwa don ya rufe babbar da ita. Wannan ma ɓoyewa ne.

Akwai wata mas'ala da duk ɗalibin fiƙihu ya karanta, ita ce ta dabbar da aka ɗaure wa nono. Mutum zai ƙi tatsar raƙumarsa ko tunkiyarsa kwana biyu ko uku, hantsa ta cika fam, sannan ya kai ta kasuwa, mai saye ya zaci haka take ba da nono kullum. Annabi (SAW) ya hana wannan, ya kuma ba wanda ya saya zaɓi bayan ya tatsa: ko ya riƙe, ko ya mayar da ita tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya sha. A wata ruwayar Muslim an ba shi kwana 3. Yawancinmu mun karanta wannan muna ganin zancen makiyaya ne. Wallahi a kasuwar mota aka fi yin sa yau. Wanda ya ɗura baƙin mai mai kauri kamar zuma don ƙarar inji ta lafa na kwana biyu, nono ya ɗaure. Wanda ya cire ƙwan fitilar gargaɗi ta dashbod ko ya liƙe ta da baƙin salatif, wanda ya goge bayanan matsala daga kwamfutar mota da safiyar ranar da za a zo gani, wanda ya mayar da lambar kilomita baya, duk hukuncinsu ɗaya. Dillalin da ya sani ya yi shiru, ko ya kawo abokinsa ya tsaya gefe yana taya motar da ƙarya don mai saye ya ruɗe ya ƙara kuɗi, shi ma yana ciki. Wannan tayin na ƙarya shi ake kira najashi, kuma an hana shi da hadisi ingantacce.

Sai sharaɗin nan da ake yawan gindayawa: "In ta fita get, babu dawowa." Malamai suna kiransa cinikin barranta daga aibi. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da wani bawa a kan dirhami 800 da irin wannan sharaɗi. Daga baya mai saye ya ce akwai wata cuta da ba a faɗa masa ba. Suka je gaban Sayyidina Usman, ya yanke cewa Ibn Umar ya rantse bai san da cutar ba lokacin da ya sayar. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa. Bawan ya warke a hannunsa, daga baya ya sayar da shi dirhami 1,500. Abin da nake so ku riƙe daga ƙissar shi ne, sharaɗin bai rufe ƙofar tambaya ba. Halifa ya koma kan abu ɗaya: ka sani ko ba ka sani ba? Mazhabobi sun saɓa a kan faɗin wannan sharaɗi. Hanafiyya sun faɗaɗa shi, Malikiyya sun ƙuntata shi ƙwarai, Ibn Taimiyya kuma ya zaɓi cewa yana amfanar mai sayarwa a kan aibin da bai sani ba, ban da wanda ya sani ya ɓoye. Amma zunubin ɓoyewa, wannan babu sharaɗin da ke wanke shi.

Zuwa nan ɗalibina ya fara murmushi, yana ganin ai shari'a ta tsare masa bayansa ta ko'ina. Na ce dakata, saura naka.

Gaskiya ne, wanda ya sayi abu sannan ya gano tsohon aibi da ba a faɗa masa ba, yana da zaɓi ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. A Risala ta Ibn Abi Zaid an ƙara da cewa in wani sabon aibi mai ɓata kaya ya faru a hannunsa, to ko ya riƙe a mayar masa da ƙimar tsohon aibin, ko ya mayar ya biya abin da sabon ya rage. Amfanin da ya ci a tsakani kuma nasa ne, tunda da kayan sun halaka a lokacin, shi zai yi asara. Amma wannan zaɓi yana faɗuwa ta hanyoyi da dama. In an faɗa maka aibin kafin ciniki ka yarda, ya faɗi. In ka gano aibin ka ci gaba da hawa kamar ba komai, malamai suna ɗaukar wannan alamar yarda ce. Sannan akwai wata mas'ala a mazhabarmu da ta dace da inji ƙwarai: aibin da ba a iya ganinsa sai an fasa abin, kamar ɓatacciyar ƙwaya cikin ɓawo, ko ƙwaron da ya ci cikin katako, ko ɗacin da ke cikin kokwamba, ba a mayar da kaya saboda shi, don mai sayarwa da mai saye duk jahilcinsu ɗaya ne a kansa. A fahimtata, cikin inji yana kusa da wannan matuƙar mai motar da gaske bai sani ba. Kai an ce maka injin yana da matsala, ka ce ka ji ka gani, an rage maka kusan rabin kuɗi. Ranar da bakanike ya buɗe ya ce inji ya tashi aiki, da wace hujja za ka koma? Sai dai ka tabbatar mai motar ya sani ya ɓoye, kuma tabbatar da wannan a gaban alƙali ba wasa ba ne. Ko ka yi nasara, kafin kuɗinka su dawo an sha wuya.

Shi ya sa na ce masa ya koma hadisin tsibin abinci ya sake dubawa. Annabi (SAW) bai tsaya kallon saman tsibin ba, hannu ya sa. Mu ma ranar Asabar za mu je mu sa hannu.

Ba don na fi shi sanin mota na ce zan raka shi ba. Don na riga shi shan wannan ruwan ne. Shekarun baya na taɓa sayen irin wannan mota ta "ƙaramin gyara", wadda kwanakin da ta yi a gareji sun fi waɗanda ta yi a ƙofar gidana. Sau biyu tana mutu mini a hanyar zuwa wa'azi, jama'a na can suna jira, ni ina bakin titi da jarkar ruwa. Daga ƙarshe na sayar da ita ƙasa da abin da na kashe a gyaranta kaɗai. Abin da na ci riba a cikinta shi ne sanin wani dattijon bakanike mai tsoron Allah, wanda har yau shi nake kira.

Shi muka ɗauka. Sharaɗinsa ɗaya ne: mu je da sassafe, kuma kada a faɗa wa dillali ƙarfe nawa za mu zo. Dalilinsa, inji mai sanyi ba ya iya ƙarya. Ƙarar da ke ɓuya in mai ya zagaya, da hayaƙin da ke raguwa in ƙarfe ya ɗumama, duk a tashin farko ake kama su.

Duk da haka an riga mu. Ƙarfe 7 da 'yan mintuna muka isa, dattijon ya ɗora bayan hannunsa a kan bonet, ya dube ni ya yi shiru. Da ɗumi. Da aka buɗe, injin an wanke shi fes yana ƙyalli. Ɗalibina ya ce, "Masha Allah, Baba, ka ga tsafta." Dattijon ya ce, "Ɗana, ni na fi son in ga inji da ƙurarsa. Ƙura ita ke nuna mini inda mai ke yoyo."

Muka zauna a benci kusan awa guda har injin ya huce, dillali yana ta zirga-zirga yana cewa akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi a hannu ƙarfe 10. Na ce masa in rabon Alhajin ne, Allah Ya sanya alheri.

Zan faɗi abin da dattijon ya duba, don amfanin duk wanda zai je sayen mota. Ya fara buɗe murfin baƙin mai ya juya shi. A ƙarƙashinsa akwai wani kumfa mai kalar shayi da madara. Ya zaro gejin mai, shi ma haka. Ya ce wannan ruwa ne ya haɗu da mai, kuma hanyoyin da ruwa ke bi ya shiga mai sanannu ne: ko gaskit ya ƙone, ko tof-silinda ya lanƙwashe ko ya tsage, ko bulok ɗin kansa ya tsage. Daga waje duk alamarsu kusan ɗaya ce, kuɗin gyaransu ne ya bambanta nesa ba kusa ba. Sannan ya buɗe murfin lagireto, abin da ba a yi sai inji ya huce sarai don ruwan zafi yana iya watsowa mutum a fuska. Ruwan ya yi ƙasa. Ya cika shi, ya ce a murɗa makulli kada a tayar. Fitilun dashbod suka kama, ban da fitilar gargaɗin inji. Ya ce a lafiyayyar mota dole ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan an tayar. In ba ta kama ba sam, wani ya taɓa ta.

Aka tayar. Ruwan lagireto ya riƙa fitar da ƙwayoyin iska ba ƙaƙƙautawa, alamar iskar cikin silinda tana kutsowa hanyar ruwa. Salansa kuma tana fitar da farin hayaƙi mai kauri wanda bai ɗauke ba ko bayan minti 10. Dattijon ya yi wa ɗalibina karatun hayaƙi a tsaye: baƙi yawanci fetur ne ya yi yawa, sau da yawa gyaransa da sauƙi, mai shuɗi-shuɗi baƙin mai inji ke ƙonawa, ringi ko silin bawul sun gaji, fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa ruwa ne ke shiga inda wuta take. Ya kuma nuna mana an cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tashi. Mutane da yawa a ƙasar nan suna yin haka da sunan zafin gari, amma kuma hanya ce ta danne zafin inji mai ciwo. Abu ɗaya da ya yaba: babu ƙarar bugu daga ƙasan inji, wato metal da kirankshaf ba su nuna alamar lalacewa ba, kuma giya tana shiga lafiya. Bodi ma mai kyau ne. Lambar chasis ta yi daidai da ta takardu, takardar kwastam tana nan. Wannan ma ku riƙa dubawa, musamman tunda gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, kuma motar da takardunta ba su cika ba, arharta tana iya ƙarewa a shingen kwastam.

Na ce wa dillali ina son magana da mai motar da kansa. Ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya kira. Mutumin kirki ne, da na gabatar da kaina na ce, "Alhaji, don Allah tambaya ɗaya, kuma amsarta amana ce: an taɓa buɗe injin nan?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce e. Ta taɓa tafasa a hanyar Zariya, aka canza gaskit aka goge tof, bayan wata biyu ta sake. Bakanikensa ya ce masa ya rabu da ita. Ya ce shi ya faɗa wa dillali duk wannan. Allah Ya saka masa da alheri, da maganar nan tasa ya fita daga haƙƙi. Dillalin kuwa ya tsaya yana duba wayarsa.

Kun ga yadda "gaskit ne kawai" ta koma. Gyaran da aka ce aikin yini ɗaya ne, an riga an yi shi bai riƙe ba.

Muka koma gefe muka yi lissafi. Dattijon ya ce in aka yi sa'a tof ne kaɗai, a samo wani a Ƙofar Ruwa, da kayan aiki da kuɗin hannu, a tanadi kamar dubu 300. In bulok ne, sai dai a sauke injin a ɗora na Beljiyom, kuma wannan zai haura miliyan 1, tunda kayan gyara duk da dala ake shigo da su, kuma kowa ya san yadda naira ta koma tun 2023. Shi kansa injin Beljiyom ɗin wani cinikin ne mai nasa haɗari, garantinsa 'yan kwanaki ne. Na tambayi ɗalibina, bayan ka biya motar nawa zai rage? Ya ce dubu 100. Babur fa? Ya ce an sayar. To ko a kyakkyawan zato kuɗinka ba su kai gyara ba, a mummunan zato kuwa ka sayi rumfar da awaki za su riƙa kwana a ƙarƙashi. Ranar Litinin da me za ka je makaranta? Ranar asibitin Hajiya da me za ka kai ta? Ban ma kawo maganar fetur ba, wanda tun da aka cire tallafi a ƙarshen watan Mayun 2023, masu lafiyayyun motoci da yawa suka ajiye su suka koma babur.

Ya ce zai iya cin bashi.

A nan na ɗan ɗaga masa murya, Allah Ya yafe mini. Bashin ruwa dai babu maganarsa, haramun ne. Wanda babu ruwa halal ne, amma Annabi (SAW) ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi, kuma da aka tambaye shi dalili ya nuna cewa mai bashi yana kaiwa ga yin ƙarya in ya yi zance, da saɓa alkawari in ya ɗauka. Ga zubin adashi yana jiranka duk wata, ka ɗora bashin inji a kai, da albashin firamare? Sai 'yan kunnen uwargida. Dukiyarta ce, ba taka ba. In ta ba ka da daɗin rai halal ne, amma mace takan ce "ɗauka" don ta ga mijinta ya ƙwallafa rai, alhali zinaren nan shi ne abin da ta ajiye don ranar da ba a fata. In mota ta yi tafiya, kowa ya ji daɗi. In ta kwanta, duk safiya za ta leƙo ta ga 'yan kunnenta a ƙofar gida tayoyinsu sun sace. Gidaje nawa irin wannan ya hana zaman lafiya?

Kada wani ya fahimci ina hana son mota. Ibn Hibban ya ruwaito daga Sa'ad bin Abi Waƙƙas hadisin da ya lissafa abin hawa mai daɗi cikin abubuwa huɗu na jin daɗin rayuwa, tare da mace ta gari da gida mai yalwa da maƙwabci na gari. Amma hadisin nan dai shi ya lissafa mugun abin hawa cikin abubuwa huɗu na wahala. Mutane suna haddace rabin farko su manta na biyu. Buƙatar ɗalibina gaskiya ce, niyyarsa ta hidimar mahaifiya kuma abin lada ce. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta liƙe tsagaggen bulok, kuma tozarta dukiya yana cikin abubuwan da Allah Yake ƙi, kamar yadda ya zo a hadisin Mugira bin Shu'uba.

Duk da haka ban so mu tafi ba mu gwada ƙofar da shari'a ta buɗe ba, wato ciniki da sharaɗin zaɓi na ɗan lokaci don a jarraba kaya. Na ce wa mai motar a ba mu kwana 2, dattijon ya buɗe tof a garejinsa, kuɗin buɗewa da mayarwa a kanmu. In bulok lafiya, mu zauna mu yi ciniki a kan abin da ido ya gani. In ya tsage, motarka tana nan, kai ma ka san ciwonta. Mai motar ya so ya yarda, dillali ya ce ba a yin haka a kasuwa, mota in an buɗe ta darajarta ta faɗi. Ta wata fuskar yana da gaskiya, kuma haƙƙinsu ne su ƙi. Mu ma haƙƙinmu ne mu riƙe kuɗinmu.

A hanya ɗalibina ya ce, "Malam, ko in yi istihara?" Na ce yi mana, sunna ce, Jabir ya ce Annabi yana koya musu ita a dukkan al'amura kamar yadda yake koya musu sura. Amma mutanenmu sun mayar da istihara gurbin bincike. Mutum bai kira bakanike ba, bai duba takarda ba, ya yi raka'a biyu ya kwanta yana jiran ya ga farar mota a mafarki. Wanda ya kwana da son mota ai mota zai gani. Ka yi bincike, ka yi shawara da masana, ka yi sallarka da addu'arka, sannan ka dubi abin da Allah Ya sauƙaƙe da abin da Ya toshe. Ya yi, washegari ya ce mini ya haƙura, amma muryarsa ba ta mai farin ciki ba ce.

Ga ƙarashen labarin, wanda saboda shi na ga ya kamata in rubuta wannan darasi. Bayan kamar kwana 10 aka sayar da motar miliyan 1 da dubu 800. Wanda ya saya mai sayar da kayan gyara ne, yana da inji irin nata a ajiye a shagonsa, yana da yaran da za su ɗora masa, yana kuma da wata motar da yake hawa. Bai ma tambayi ko gaskit ne ko bulok ba, don shi tun farko bodi da giya da takardu ya saya, injin a lissafinsa matacce ne. Mai motar ya faɗa masa komai. Cinikinsu halal ne tsaf, kuma ga wannan mutumin dabara ce mai kyau. Mota ɗaya, ciwo ɗaya. Shi ya saye ta a kan mafi munin abin da zai iya faruwa kuma aljihunsa zai ɗauka, ɗalibina kuwa da zai saye ta ne a kan fatan mafi sauƙin abin, da kuɗin da babu wasu a bayansu.

Jiya bayan Magariba ɗalibin nawa ya same ni, ya ce, "Malam, wallahi na ga motar nan a titi, tafiya take kamar sabuwa." Na ji ɗan ciwo a maganar, ban kuma ga laifinsa ba. Na sa dattijon ya tambayo mana. Da aka buɗe tsohon injin, bulok ne ya tsage tsakanin silinda biyu. Sabon injin da ɗorawa da lagireto, in an yi musu kuɗi a farashin kasuwa, miliyan 1 da dubu 350.

Ya yi shiru, sannan ya ce zai shiga wani adashin bayan Sallah. A yanzu dai ya yi magana da wani mai Adaidaita Sahu a unguwarsu, duk ranar asibiti zai zo ya ɗauki Hajiya ya dawo da ita.

Wallahu a'alam.